Malam Aminu Kano da Wahalar da 'Yan Sawaba Suka Sha

 Da aka ce kowa ya zaɓi wani mashahurin mutum ya rubuta tarihinsa, ban yi dogon tunani ba na zaɓi marigayi Malam Aminu Kano. Ni dai ban san shi ba, don ya rasu tun mahaifina yana firamare. Amma a gidanmu da ke Hotoro na tashi ina jin sunansa kusan kullum, kuma ba da murya ɗaya ake ambatonsa ba.

Dalili kuwa shi ne, kakana na wajen uba ɗan NEPU ne tun yana saurayi, har ya koma ga Allah da tabon bulala a bayansa. Kakana na wajen uwa kuwa malamin haraji ne a En'e, kuma ɗan jam'iyyar NPC ne na gaske. Ran salla in suka haɗu a zaurenmu, da an gama gaisuwa sai maganar Malam ta taso, mu kuwa yara mu rakuɓe a bakin ƙofa muna saurare. Abin da na ji daga bakinsu, da abin da na karanta a laburaren makaranta, su na haɗa na rubuta wannan ɗan tarihi. Babban abin da nake so mu duba shi ne yadda hukuma ta tarbi mutanen da suka tashi neman haƙƙin talaka, a lokacin da kan jama'a ya rabu biyu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar nan. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafillace ne na zuriyar Genawa, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci, kuma shi kansa ya yi aikin muhuti a kotun alƙali. Watau Malam Aminu ba ɗan talaka tilis ba ne. Da ya so, da ya bi hanyar iyayensa ya sami rawani ya zauna lafiya.

Ya fara karatun Alƙur'ani a gida, sa'an nan a 1930 aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci. Daga nan ya shiga Midil ta Kano a 1933, ya zarce Kwalejin Kaduna a 1937, inda ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta. Tun yana ɗan makaranta ya shahara da shirya wasan kwaikwayo, yana amfani da shi wajen tona asirin masu cin hanci da masu cutar baƙauye a kasuwa. A wannan zamani ne kuma ya ga yadda ake tafiyar da mulkin En'e ciki da bai, har ya rubuta wata ƙasida da Turanci yana sukar danniyar da ake yi a Kano.

Bauci, London da Maru

Da ya gama kwaleji sai aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci. A can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Balewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da kuma Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama babban amininsa kuma malaminsa a fagen siyasa. A 1943 suka shiga wani taron tattaunawa da 'yan boko ke yi da yardar Turawa. Amma da tambayoyinsu suka fara zafi, suna taɓa sarauta da kuɗin baitulmali, sai hukuma ta rufe taron. Wannan ne darasi na farko da Malam ya koya: ana son a ce an ba mutane damar magana, amma ba a son jin abin da za su faɗa.

A 1946 ya sami tafiya ƙaro ilmi a Jami'ar London. Ya tarar da Ingila ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, jam'iyyar Leba ta ma'aikata ce ke mulki, kuma Indiya na gab da samun 'yancin kai. Ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu da 'yan kishin ƙasa na Afirka, ya kuma karanta labarin Mahatma Gandi, wanda ya yaƙi Turawa ba tare da makami ba. Bayan dawowarsa ya kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, sa'an nan aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato. Can ma bai yi shiru ba. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa ya shiga siyasa gadan-gadan.

Kafa NEPU

Mutane da yawa suna zaton Malam ne ya kafa NEPU shi kaɗai. Ba haka ba ne. Samari takwas ne suka kafa ta a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, cikinsu har da Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Maitama Sule, wanda daga baya ya koma NPC. Malam ya shigo bayan ya bar aiki, kuma a 1953 aka zaɓe shi shugabanta. Da Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta tauraro. Abokiyar hamayyarta kuwa ita ce Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, mai alamar fartanya, wadda Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya jagoranta, kuma sarakuna da ma'aikatan En'e suka rufa mata baya.

A 1952 NEPU ta fitar da takardar manufofinta da aka sani da Sanarwar Sawaba. A cikinta ta bayyana cewa jama'ar Arewa kashi biyu ce, masu riƙe da En'e da kuma talakawa, kuma bukatun ɓangarorin biyu sun saɓa. Abubuwan da 'yan NEPU ke nema su ne a daina aikin tilas, a daina sa talaka noman gandun hakimi kyauta, a gyara haraji da jangali, a raba shari'a da mulki, a bar jama'a su zaɓi wakilansu kai tsaye, a kuma ba mata ilmi da ƙuri'a. Yawancin waɗanda suka amsa wannan kira ba 'yan boko ba ne. Teloli ne, da mahauta, da majema, da 'yan koli, da direbobi, da malaman zaure. Abin da ya ƙara wa Malam kwarjini a wurinsu shi ne, yana da ilmin addini mai zurfi, yana kafa hujja da Alƙur'ani da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi na Gwandu, yana nuna cewa masu jihadi ma zalunci suka yaƙa.

Yadda hukuma ta tarbe su

Don mu gane wahalar da aka sha, sai mun san yadda En'e take a lokacin. A ƙarƙashin sarki akwai 'yan doka, akwai kotunan alƙalai, akwai gidan yari, akwai kuma hakimai da dagatai masu yanka wa kowa haraji. Duk a hannu ɗaya suke. Saboda haka wanda ka soka a wurin lacca da yamma, shi ke da ikon sa a kama ka da dare, a yi maka shari'a da safe, a kulle ka da rana. Ba a barin lauya ya tsaya wa mutum a kotun alƙali. Su kuwa Razdan da Di'o, galibi sai su kau da kai, don da sarakuna suke mulkinsu.

Hanya ta farko da aka bi ita ce ta zaɓe. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko cikin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma a matakin ƙarshe an ba En'e dama ta ƙara nata mutanen cikin masu zaɓe. Da aka gama, ko ɗan NEPU ɗaya bai je Majalisar Kaduna daga Kano ba, har da Malam kansa.

Hanya ta biyu ita ce ta izinin taro. Ba a yin lacca sai da takardar En'e, takardar kuwa ba ta cika fitowa ba. In aka yi taro ba ita, laifi ne. In an samu an yi, sai a ce mai lacca ya zagi sarki ko hakimi. Wanda ya ƙi tuɓe takalmi ko ya ƙi faɗuwa gaisuwa, shi ma ya shiga uku. Hukuncin kuwa bulala ne, ko tara, ko ɗauri. Waɗansu kuma ba a kai su kotu, sai dai a ninka musu haraji, ko a ƙwace rumfarsu ta kasuwa, ko a kore su daga gari. Shi kansa Malam an taɓa gurfanar da shi a 1954 saboda ya ɗaura tutar NEPU a motarsa cikin birni.

Hanya ta uku ita ce ta duka a titi. Bayan rikicin da aka yi a Kano cikin watan Mayu na 1953 tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, wanda ya ci rayuka fiye da talatin, wata ƙungiya ta bayyana da ake kira 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU a gidajensu da wuraren taronsu. Su ma 'yan NEPU ba su zauna ba, suka kafa rundunar samarinsu don kare kai, aka riƙa gwabzawa. Amma in an je gaban alƙali, kowa ya san ɓangaren da zai kwana a gidan yari.

Mata ma ba su tsira ba. Hajiya Gambo Sawaba, mutuniyar Zariya kuma shugabar matan NEPU, ta zo Kano a 1953 tana tara mata, aka kama ta aka ɗaure, bayan ta fito kuma aka kore ta daga garin. An ƙididdige cewa sau 16 aka ɗaure ta a rayuwarta. Har yara sai da doka ta shafa, domin a 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar da ta hana duk wanda bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa. Da na karanta wannan sai na yi lissafi, na ga ashe da a lokacin nake, bara waccan ko bajen tauraro ban isa in maƙala a riga ba.

Labarin kakana

A cikin wannan hali kakana ya sami rabonsa. Tela ne a wani ƙauye gabas da Kano, yana da keken ɗinki guda ɗaya da ya saya da kuɗin gyaɗa. Da zaɓen 1959 ya ƙarato, sai ya riƙa ɗinka wa abokansa tauraro a hula. Wata rana suka taru a gindin wata tsamiya, wani ya zo daga birni yana karanta musu manufofin jam'iyya, sai ga 'yan doka. Washegari aka kai su gaban wani alƙali da laifin taro ba izini. Aka yi wa kakana bulala a bainar jama'a, aka ɗaure shi wata shida. Kafin ya fito an sayar da kekensa a bakin haraji.

Ya gaya mini cewa ba bulalar ce ta fi yi masa ciwo ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da ya fito, maƙwabtansa sun daina zama a tabarmarsa don tsoron kada a ce su ma 'yan Sawaba ne, kuma iyayen yarinyar da yake nema suka mai da masa kayansa. Garin ya yi masa zafi, ya taho birni, ya sami aikin leburanci a wani kamfani a Bompai. Da kuɗin wannan aiki ya sayi fili a Hotoro, lokacin tana ƙauye, ko'ina gonaki. Watau da ba don waccan bulala ba, da ni ba ɗan Hotoro ba ne.

Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Ba zan yi adalci ba in ban kawo hujjar kakana na wajen uwa ba. Shi a ganinsa, a wancan lokaci Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a ilmin boko, kuma in 'yan Arewa suka rarraba, to bayan tafiyar Turawa 'yan Kudu ne za su riƙe kome. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe a 1954, sai su suka ɗauka an haɗa kai da bare za a ci gida. Yana kuma cewa samarin NEPU da yawa ba su da ladabi, suna zagin dattijai a waƙa, suna hana mutane biyan haraji, alhali da harajin ake biyan malamai da ma'aikatan asibiti.

Na yarda tsoron da suke ji na gaskiya ne, kuma na yarda ba duka 'yan NEPU ne salihai ba. Amma da na tambaye shi ko ɗinka tauraro a hula ya isa a sayar wa mutum da abin sana'arsa, sai ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya amsa cewa an yi abubuwan da bai kamata ba, kuma shi da hannunsa ya rubuta wa waɗansu harajin da ya san ya fi ƙarfinsu. Ban taɓa manta wannan amsa ba.

Irin wannan ba a Nijeriya kaɗai ya faru ba. A maƙwabciyarmu Nijar ma akwai jam'iyya mai suna Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da magoya baya a Maraɗi da Damagaram. An haramta ta a 1959, kuma da 'ya'yanta suka ɗauki makami a 1964, gwamnati ta murƙushe su da ƙarfin tsiya. Wannan ya nuna hikimar Malam, wanda duk da tsananin da aka sha bai kai mutanensa ga yaƙi ba, ya tsaya a kan lacca da rubutu da akwatin zaɓe.

Daga mulkin kai zuwa mulkin soja

Bayan ya sha kaye a 1954 da 1956, Malam ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, daga mazaɓar Kano ta Gabas. NEPU ta sami kujeru 8, NPC kuwa 134. Sai wani abin mamaki ya faru: NCNC ta haɗa gwamnati da NPC a Ikko. Malam ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisa, yana kuma wakiltar Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali a ƙauyukan Arewa ana ci gaba da ɗaure mabiyansa. Waɗansu sun zarge shi a kan haka. Bayan mulkin kai a 1960 matsin bai ragu ba, har a zaɓen Jihar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta samu, a 1964 kuma Malam ya rasa tasa.

Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa, daga baya aka soke dukan jam'iyyu. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ciki har da Jihar Kano, ya kuma naɗa Malam Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, daga baya na Lafiya, har zuwa 1974. A zamanin soja ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta. A zaɓen 1979 kuma matan Arewa suka yi zaɓen tarayya karo na farko, abin da matan Kudu ke yi tun kafin mulkin kai. Ku duba, ya ku 'yan'uwa: abubuwan da aka yi wa mutane bulala don sun nema, su ne gwamnati ta zo ta yi da kanta bayan shekara goma ko ashirin.

Zamanin PRP: Santsi da Taɓo

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, ya sami ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, ya lashe Jihar Kano, amma Alhaji Shehu Shagari na NPN ne ya ci. PRP ta sami gwamnoni biyu, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke haraji da jangali. A 1980 kuma Jihar Kano ta zama ta farko a Nijeriya da ta ba da hutun Ranar Ma'aikata, 1 ga Mayu, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981. Kakana ya ce ran nan leburorin Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun cika gari, kowa na jin shi ma mutum ne.

Amma murna ba ta daɗe ba. Gwamnonin biyu suka riƙa halartar taro da gwamnonin waɗansu jam'iyyun hamayya, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi. PRP ta dare biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu. 'Yan Santsi na ganin Malam ya sassauta wa NPN, 'yan Taɓo na ganin yara sun yi wa uba butulci. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ran Juma'a 10 ga Yuli, 1981, bayan gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta ɓarke a Kano. Aka ƙone gidan Rediyon Kano da waɗansu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Mutane da yawa sun zargi 'yan sanda da naɗe hannu a ranar.

Wannan rabuwa ita ce babban baƙin cikin ƙarshen rayuwar Malam. Abin da bulala da kurkuku suka kasa yi wa 'yan Sawaba cikin shekara goma sha biyar, saɓanin cikin gida ya yi shi cikin shekara biyu.

Rasuwarsa

Malam yana shirin sake tsayawa takara a 1983, har ya zaɓi mace, Madam Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, sai ajali ya riske shi ran Lahadi 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. Aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja. Mahaifina ya ce kakana ya riƙe hannunsa suka tafi a ƙasa, amma saboda cinkoson jama'a ko kusa da ƙofar gidan ba su iya kaiwa ba. Mutumin da ya yi kwamishinan tarayya shekara bakwai bai bar dukiyar a zo a gani ba. Ya dai bar littattafai, irin su Motsi Ya Fi Zama da tarihin amininsa Sa'adu Zungur, ya kuma bar almajiran da suka saurari tafsirinsa na watan azumi.

Yau gidan nasa shi ne Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. An sa sunansa a filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa. Amma na lura da yawa cikinmu sunan kawai muka sani. Da na tambayi waɗansu abokaina a ɗakin kwana ko mene ne NEPU, mutum biyu kaɗai suka iya ba ni amsa.

Abin da na koya

Ni dai darasi uku na ɗauka. Na farko, in hukuma ta amsa kukan talaka da bulala, kukan ba ya ƙarewa, jinkirta gyara kawai ake yi, a kuma bar wa mutane tabo a jiki da zuciya. Na biyu, bai kamata mai mulki ya zama shi ne mai kamu, shi ne mai shari'a, shi ne mai gidan yari ba, ko da kuwa mutumin kirki ne. Na uku, masu neman gyara su ma suna da nasu aikin, watau su riƙe ladabi, su guji tashin hankali, su kuma iya jure saɓani a tsakaninsu.

Wahalar talaka ba ta ƙare da soke haraji ba. Mahaifina yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kuma in muka bi ta can yakan nuna mini kamfanonin da suka rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje. Matasan unguwarmu da yawa ba su da aikin yi. Ba shakka za a ci gaba da samun masu kuka, kuma wata rana waɗansu daga cikinmu da ke aji yanzu su ne za su zama 'yan sanda da alƙalai da gwamnonin da za a kawo wa kukan. Ina roƙonmu, in ranar ta zo, mu tuna da telan da aka sayar wa keke saboda tauraro.

Kakannina biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba su taɓa yarda da juna a kan siyasa ba, amma sun haɗa 'ya'yansu aure, kuma da na wajen uba ya rasu, na wajen uwa na sahun gaba a wurin sallarsa. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan Malam Aminu Kano, da Sardauna, da sauran magabatanmu baki ɗaya. Allah ya ba shugabanninmu haƙurin sauraron talakawansu, amin.